Farbo ya kama kwikwiyona, mai shago ya ce antioksidan ne maganin: gaskiya ne ko cin kuɗi?

Shamsu_Dakata: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da kwikwiyo ɗan wata uku, ruwa biyu ne, na ajiye shi don gadin gida. Ya fara da ƙin cin abinci, sai amai, yanzu kuma zawo da jini mai wani irin ƙarni da ya cika tsakar gida. A asibitin dabbobi sun gwada kashinsa suka ce farbo ne, wani bairos mai kama hanjin karnuka, suka sa masa ruwa. Da na fito na biya wani shagon magungunan dabbobi, mai shagon ya ɗauko wata kwalba ya ce antioksidan ce. Wai ba cutar ce ke kashe kare ba, ɓarnar da oksijin ke yi a jikinsa ce, kuma kwalbar nan ita ke tsayar da ita. Kuɗinta ya kusa kai na ruwan da za a ƙara masa gobe, ni kuwa abin hannuna na ɗaya ne kawai. Masana a taimaka, wanne zan yi?

MaiGadi_Kawo: Ruwa. Kada ma ka tsaya dogon tunani.

DaktaBinta: Wa alaikumus salam Malam Shamsu, Allah Ya ba shi lafiya. Ka koma ka biya kuɗin ruwan. Farbo yana cin sassan jiki masu saurin sabuntawa ne, wato bangon hanji da ɓargo. Hanji ya saluɓe, ruwa da gishirin jiki suna zuba ta sama da ƙasa, sukarin jini ya faɗi. Ɓargo kuma ya kasa fitar da fararen ƙwayoyin jini a daidai lokacin da bakteriyar hanji suka sami ƙofar shiga jini. Abin da ke kashe kwikwiyo ke nan: bushewa da gubar jini. Abin da yake buƙata shi ne ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai, maganin bakteriya, da fara ba shi abinci kaɗan-kaɗan da zarar aman ya lafa. Wanda aka bari ba kulawa, kusan 9 cikin 10 suna mutuwa. Wanda ya sami kulawar asibiti da wuri, mafi yawansu suna tashi.

Shamsu_Dakata: Na gode Dakta. To ke nan ƙarya mutumin ya shirga min?

ƊalibinSamaru: Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, Yaya Shamsu, ya dai ɗauki gaskiya ya yi mata farashi. Bari in gwada bayani yadda aka koya mana. Kusan duk ƙwayar halittar jiki tana ƙona abinci da oksijin, kuma wajen ƙonawar wani ɗan kaso na oksijin yana fitowa da siffa mai cin duk abin da ya taɓa: kitsen da ke bangon ƙwayar, furotin, har ƙwayar gado. Ka san yadda man gyaɗa ke canja wari idan ya daɗe a buɗe? Abin da ke samun kitsen bangon ƙwayar ke nan. Jiki yana da masu share wannan ɓarnar nasa na kansa: SOD, katales, da gulutatayon, sai kuma bitamin E da C. Idan cuta ta yi ƙarfi, ɓarnar takan fi ƙarfin masu sharar. A farbo kuwa dalilai sun taru: kumburin hanji, ƙarancin jinin da ke isa hanji saboda bushewa, ga kuma ƙarfen da ke cikin jinin da ya zuba yana ƙara rura abin. An yi bincike a Indiya aka auna jinin karnuka masu farbo, aka ga MDA ya hau, shi ne ragowar da kitse ke bari idan ya lalace. Saboda haka abin yana faruwa.

DaktaBinta: Bayaninka ya yi, ƙanena. Amma ka ƙarasa. Cewa MDA ya hau a jini daban, cewa kwalbar shago za ta hana kare mutuwa daban. Kuma karen da ke amai, me za ka ɗura masa ta baki ya zauna?

Sarkin_Dawa77: Mu dai tun zamanin kakanninmu muke da karnukan farauta, ba mu san wani oksi-wane ba. Idan kare ya yi laushi a daka tafarnuwa da albasa a cuɗa masa da tuwo, ko a ba shi ruwan zogale. Kuma yanzu 'ya'yanmu masu waya suna ce mana tafarnuwar ma antioksidan ce. To ga shi a kasuwa da araha, me zai kai mutum shago?

DaktaBinta: Baba Sarkin Dawa, don Allah a bar albasa da tafarnuwa. A jikin kare su ne ma suke haddasa ɓarnar da muke magana a kai. Akwai sinadarai masu farar wuta a cikinsu da ke lalata jan jinin kare, ƙwayoyin su yi ta fashewa. Ba a ranar ake gani ba, sai bayan 'yan kwanaki ka ga dadashinsa ya yi fari, yana haki, fitsari ya koma ja ko ruwan ƙasa. Albasa giram 15 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyin kare ta isa ta taɓa jini, tafarnuwa kuma ta fi ta ƙarfi. Dafawa ba ta kashe gubar. Kwikwiyon da dama yana zubar da jini ta hanji, ka ga an ƙara masa wata.

Sarkin_Dawa77: Dakta, 'yata, ni ban taɓa ganin albasa ta kashe min kare ba.

Malam_Lab: Baba, babban kare mai kilo 20 da ya ci ɗan abin da ke cikin miya ba lallai ka ga komai ba, jikinsa zai sake yin wani jinin. Amma mu da muke duba jini a madubin likita muna ganin alamar: wasu 'yan ɗigo a gefen jan ƙwayar, kamar an manna mata ƙurji. Kare yana yawo lafiya lau, mai shi bai sani ba. Ɗan kwikwiyo mai kilo 4 lissafinsa daban ne.

Ummu_Khairat: Ni tambayata, farasitamol fa? Mai gadinmu yakan ɓalli rabi ya ba karenmu idan jikinsa ya yi zafi.

Malam_Lab: Hajiya a hana shi. Hanta tana amfani da gulutatayon ɗin nan da ɗalibinmu ya ambata wajen kashe gubar farasitamol. Idan maganin ya yi yawa sai gulutatayon ya ƙare, hanta ta fara lalacewa, jini ya koma kalar cakulan ya kasa ɗaukar iska. Kyanwa kam ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Abin da zai ba ku sha'awa, maganin wannan gubar shi ne wanda ake kira NAC, kuma antioksidan ne na gaske. A nan babu gardama, yana ceton rai, mutum da dabba.

ƊalibinSamaru: Yauwa, inda nake son zuwa ke nan. NAC ɗin nan an gwada shi a karnuka masu farbo, a Indiya ma. Aka raba su biyu, duka aka ba su ruwa da sauran magunguna, rukuni ɗaya aka ƙara masa NAC ta jijiya. Alamun ɓarnar oksijin a jininsu sun fi saurin sauka. Dakta, ina ganin bai kamata mu watsar da shi ba.

DaktaBinta: Ban watsar ba. Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: duka an ba su ruwa. Ƙari ne a kan magani, ba madadin magani ba. Karnukan kuma ba su da yawa, kuma abin da aka fi aunawa lambobin jini ne. Ni abin da mai kare ke tambayata a bakin ƙofa shi ne, zai rayu? Kafin a amsa wannan da NAC sai an gwada a karnuka masu yawa. Sannan ta jijiya ake ba shi, a tsarma shi, a hankali. Ta baki warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai kaɗai ya isa ya tayar da amai. Idan mai kare yana da hali, wani lokaci nakan ƙara. Malam Shamsu ya ce ba shi da hali.

Abu_Huzaifa: Ni fa mamaki nake, mutane suna kwana da yunwa ana zancen ƙarin ruwa ga kare. Kuma kun san hukuncin ajiye kare a gida.

Shamsu_Dakata: Malam, na faɗa tun farko na gadi ne. Unguwarmu sai da aka haura mana katanga kafin na nemo shi.

Ummu_Khairat: Malam Abu Huzaifa, karen farauta da na kiwo da na gona ai nassi ya zo da su, malamai kuma sun yi ƙiyasin na gadi a kai. Kuma hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa Allah Ya gafarta masa yana cikin Bukhari. Tunda ya ɗauko dabba ya ajiye, haƙƙinta yana wuyansa.

Abu_Huzaifa: Ban ce a bar shi ya mutu ba Hajiya. Na ce a duba fifiko.

Admin_Kiwo: Jama'a, wannan zauren na lafiyar dabbobi ne. Mai son fatawa akwai inda ake yin ta. A koma kan tambaya.

Issoufou_Maradi: Ina gaisuwa daga Maraɗi. Nawa ba farbo ba ne, wani ciwon ne daban, distamfa. Karyata ta yi majina da kwantsa a ido, tari, tafin ƙafarta ya yi tauri kamar fata busassa. Ta warke muna murna, bayan 'yan makonni sai ƙafar baya ta fara zillo da kanta, ko barci take ba ta dainawa, muƙamuƙi kuma yana motsi kamar tana tauna cingam. Wani ya ce min allurar bitamin C mai yawa tana warkar da shi. Akwai gaskiya?

DaktaBinta: Sannu Malam Issoufou. Distamfa ɗan'uwan ƙyanda ne, dangi ɗaya suke da ita da ciwon bushiya na shanu wanda aka sanar da kawar da shi daga duniya a 2011. Abin da ka gani a ƙafarta alama ce cutar ta shiga ƙwaƙwalwa da laka. Zancen bitamin C tsoho ne, tun shekarun 1960 wani likitan dabbobi a Amurka ya yi iƙirarin haka, amma labarin karnukan da ya yi wa magani ne kawai, ba gwaji na kwatanci ba, kuma har yau ba a tabbatar ba. Kada ka manta kare ba kamar mu ba ne, hantarsa tana yin bitamin C da kanta. Zillon nan sau da yawa ba ya tafiya, amma idan ba ta farfaɗiya kuma tana ci tana sha, za ta iya rayuwa da shi shekaru.

ƊalibinSamaru: A distamfa ne ma zancen oksijin ya fi ma'ana a wurina. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da rufi mai kitse sosai, kuma shi ne cutar ke ɓarewa. Masu bincike a Suwizalan sun nuna cewa sojojin jiki da ke cikin ƙwaƙwalwa, wajen yaƙar bairos ɗin, suna feso wannan oksijin mai ci, shi kuma yana iya lalata ƙwayoyin da ke yin rufin. Wato wani ɓangare na ɓarnar daga garkuwar jikin karen take fitowa. Sannan akwai bitamin A. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba yaro mai ƙyanda, kuma an gwada a wata ƙaramar dabba da ake kira feret mai kamuwa da distamfa, waɗanda aka ba bitamin A suka fi samun sauƙi.

Malam_Lab: Feret ba kare ba ce. Kuma bitamin A yana taruwa a hanta, ba ya fita a fitsari. Kada gobe wani ya karanta wannan ya je ya sayo na yara ya yi ta matsa wa kare.

Issoufou_Maradi: Na fahimta. Tana ci kam, har ta fi da ci. Zan bar ta haka.

Hajiya_Kaji: Ni ba ni da kare, kaji nake kiwo, amma muna amfani da bitamin E da seleniyom a ruwan sha lokacin zafi da bayan riga-kafi. Ina ganin amfaninsa. Me zai hana a yi wa kare haka?

DaktaBinta: Hajiya, su biyun suna aiki tare: bitamin E yana zaune a cikin kitsen bangon ƙwaya yana tare ɓarnar, seleniyom kuma da shi jiki ke gina ɗaya daga cikin masu sharar. Idan dabba tana da ƙarancinsu, ba ta yana da amfani ƙwarai. Matsalar seleniyom ita ce tazarar da ke tsakanin abin da ya isa da abin da ya zama guba ƙanƙanuwa ce. Na sha ganin mutum ya ɗauko allurar da aka auna don rago ko ɗan maraƙi ya danna wa kwikwiyo. Wannan ba taimako ba ne.

Malam_Lab: Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba a tallan kwalaben nan. Oksijin mai cin nan ba abokin gaba ne kawai ba, makami ne. Fararen ƙwayoyin jini idan suka haɗiye bakteriya da shi suke kashe ta. Akwai yaran da ake haifa jikinsu ba ya iya yin sa, kullum suna fama da ƙuraje da ciwon huhu. A mutane ma an taɓa ɗauka cewa ƙara antioksidan alheri ne zalla, sai babban gwajin da aka yi a Finlan kan masu shan taba, wanda aka fitar a 1994, ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, wani nau'in antioksidan, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996. Idan a mutum, inda ake zuba kuɗin bincike, abin ya zo da haka, sai mu yi a hankali da kare.

ƊalibinSamaru: Malam, wancan lafiyayyun mutane ne suka sha shekaru suna haɗiyar ƙwaya. Mu muna maganar dabba mai ciwo mai tsanani ta 'yan kwanaki. Ba ɗaya ba ne.

Malam_Lab: Na yarda ba ɗaya ba ne. Abin da na ce kawai, sunan antioksidan a jikin kwalba ba shaida ba ce.

Shamsu_Dakata: Na koma an ƙara masa ruwa. Aman ya ragu, zawon dai yana nan amma jinin ya yi sauƙi. Ya ɗaga kai ya dube ni da na kira shi. Yaron asibitin ya ce kada in ba shi komai ta baki sai ya warke sarai, Dakta kuma na ga kin ce a fara ba shi abinci. Wanne zan bi?

DaktaBinta: Ka yi magana da likitan da ke duba shi, shi yake ganin karen. Amma tsohuwar koyarwar a bar hanji ya huta an bar ta. A Afirka ta Kudu, a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Firitoriya, an gwada, aka fitar da sakamakon a 2003: 'yan kwikwiyo masu farbo da aka fara ciyar da su da wuri ta siririn bututu a hanci sun fi saurin murmurewa da ƙara nauyi a kan waɗanda aka jira aman ya tsaya. Bangon hanji daga abincin da ke wucewa yake samun abin gyara kansa. Dafaffen naman kaza ba fata ba mai, da 'yar shinkafa mai laushi, cokali ɗaya ko biyu, a jira a gani. Ba albasa, ba magi, ba yaji. ƊalibinSamaru, in antioksidan kake nema, ga shi nan: jiki da furotin yake gina gulutatayon.

MaiGadi_Kawo: Tambayar da ba wanda ya yi: an yi masa riga-kafi kuwa?

Shamsu_Dakata: Wanda ya sayar min ya ce an yi guda ɗaya yana ɗan mako shida. Ban ga kati ba.

MaiGadi_Kawo: To ka ji. Guda ɗaya ba ta isa. Ni ma haka aka yi min, mai sayarwa ya rantse an yi, ashe kwalbar allurar a aljihun babur take yawo cikin rana. Riga-kafin da ya sha zafi ruwa ne kawai.

DaktaBinta: Gaskiyar Malam MaiGadi. Ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Dalili, garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe allurar farko, kuma ba wanda ya san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo. Allurar haɗin nan ta ƙunshi farbo da distamfa duka. Ta haukan kare daban ce, daga wata uku, kuma ita kam ba don karen kaɗai ba ce, don yaran gida ce. Karnuka irin su Rottweiler da Doberman da Alsashiyan farbo ya fi kayar da su.

Sarkin_Dawa77: Shi ya sa nake cewa karnukanmu na gida sun fi ƙarfin jini. Wannan zawon ma da ba mu san shi ba, da karnukan Turawa ya zo.

ƊalibinSamaru: Baba, a rabin maganarka kana da gaskiya. Farbon kare sabon ciwo ne, a 1978 aka gane shi, cikin ɗan lokaci ya zagaye duniya, saboda haka kakanninmu ba su san shi ba. Amma na gida ma yana kashe su, ba a dai kai su asibiti ne balle a ƙirga. Karya ta haifi bakwai a bayan gari, biyu su rage, a ce sanyi ne. Distamfa kuwa ko zaki bai bari ba. A 1994 ya kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan Serengeti a Tanzaniya, kuma daga karnukan ƙauyukan gefen dajin ake ganin ya fito.

Ummu_Khairat: Malam Shamsu, ni dai da kai ne da na karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar nan tukuna. Mai yiwuwa bitamin ne na yau da kullum aka canja masa suna.

Shamsu_Dakata: Na duba Hajiya. Bitamin E, C, zinki da seleniyom aka rubuta, da hoton kare da kyanwa da doki duk a jiki. Idan ya warke ya fara ci sosai, zan iya saya masa don ya maida jiki?

ƊalibinSamaru: Ni ina ganin ba laifi idan likita ya auna masa daidai nauyinsa. Zawo yana zubar da zinki.

DaktaBinta: Ni kuma da kuɗin nan ƙwai da nama zan saya masa, sauran in ajiye na riga-kafi. Kwalbar da ta dace da doki da kyanwa a lokaci guda ban san wa aka auna wa ita ba.

Hajiya_Kaji: Kun manta da tsakar gidan. Maƙwabcinsa in yana da kwikwiyo fa? Dettol ya isa a wanke wurin?

Malam_Lab: Bai isa ba Hajiya. Bairos ɗin distamfa yana da rigar kitse, sabulu da rana suna gamawa da shi. Na farbo ba shi da ita, yana iya yin watanni har shekara a ƙasa mai inuwa, kuma takalmi yana ɗaukarsa daga gida zuwa gida. Bilic ake sawa, irin su Jik ko Hypo. A fara kwashe kashin a wanke wurin da omo, don datti yana kashe ƙarfin bilic. Idan ƙarfinsa kashi 5 cikin 100 ne, awo 1 a ruwa awo 30. Idan bai kai haka ba a rage ruwan. A bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Kwanon abinci da tabarmar da ya kwanta duk a haɗa, tsumma kuwa a ƙone. Kuma ko ya warke zai ci gaba da fitar da cutar a kashi na wani lokaci, kada a bar shi ya haɗu da wasu 'yan kwikwiyo tukuna.

MaiGadi_Kawo: Wannan na siminti ne. Gidan da tsakar gidansa ƙasa ce fa, kamar nawa? Bilic ɗin ai shanyewa zai yi.